Tsohon Soja da Ƙofar Kansila

A rumfar waldar Haliru da ke Ƙofar 'Yandaka, wani tsoho yana duba ƙofar ƙarfen da sabon kansila ya sa a ƙera masa, wai wadda harsashi ba ya hudawa. Haliru bai san tsohon ba. Rigarsa duk faci, amma takalminsa na soja sai ƙyalli yake kamar yau ake fareti. Da gani ya daɗe a bariki, mulkin farar hula ya zo ya bar shi ba aikin yi.

Yana ƙwanƙwasa ƙarfen da zobensa, yana auna kaurinsa da yatsa. Ya ja baya taku ashirin, ya kanne ido ɗaya, ya tsuguna yana zana hanyar harsashi a ƙasa. Ga kuma kansilan nan tsaye.

"Baba, za ta tare harsashi kuwa?" in ji kansila.

"Yallaɓai, wucewa zai yi kamar allura a atamfa. Amma wa zai ɓata harsashinsa a kanka? Ka nemi wadda za ta tare mutanen da suka zaɓe ka. Ita kam ko a bariki ba mu da irinta."