Gonar Ƙafa

Shekarun baya, lokacin da nake haya a wani ƙauye bayan Kuje, ina da maƙwabciya, dattijuwar Gbagyi manomiyar doya. Mama muke ce mata. Mota ta kaɗe ta a hanyar kasuwa, aka yanke mata ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Likita ya ce ƙafar roba za ta iya mayar da ita gona, sai dai kuɗin ya fi ƙarfinta. Gonar nan kuwa ita ce cinta da na jikokinta.

Ni da nake ɗaura lakataye in tafi ofis, sai na bugi ƙirji na ce ta bar min komai, na san manya. Ashe manyan ne ba su san ni ba. Na sha "ka dawo gobe" har masu gadi suka fara tambayata lafiyar iyali. A ƙarshe keken guragu na samo a wani rabon tallafi. Mama ta yi godiya, ta shafa tayar, ta dubi hanyar gonarta mai duwatsu.

"Ɗana, wannan na zama ne. Ni tafiya nake so. Gona ba ya jiran oga."

Ta ba wani tsoho mai shanyewar jiki keken, ta kira gayya. Daga kan tabarma ta aika coci, ta aika masallaci. Maza suka zo da garma suka tayar da kunya, mata suka yi shuka, ita kuma ta girka wa kowa abinci a zaune. Ni ma an miƙa min garma, ban yi nisa ba aka tausaya aka mayar da ni ɗiban ruwa. Mutane suka raɗa wa wurin suna gonar ƙafa.

Doyar shekarar ce ta sayi ƙafar. Mama ta sha faɗuwa kafin ta saba da ita, amma ba ta yarda a riƙe ta ba.

Wata safiya sai ga ta tsaye a ƙofata, ƙwarya cike da doya a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ta ce min wata budurwa a gidan liman ta daina ji, ana neman na'urar kunne.

"Ka zo gayya Asabar. Bana na kunne ne."

Na daɗe da barin ƙauyen, kuma na yi aiki da manya iri-iri. Har yau ban ga wanda ya burge ni kamar matar nan ba. In na tuna ta tsaye a ƙofar nan, sai idona ya ciko.