Yadda tarin fuka ya raba ni da teburin sinuka

Ranar Alhamis ce, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, sati uku bayan na karɓo takardar kammala karatuna. Lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato. Ina sunkuye a kan teburin sinuka na wani kulob ɗin ma'aikata, na saita baƙar ƙwallo, sai tari ya sarƙe ni. Da na ɗago, ga ɗigon jini biyu a kan koren ƙyallen.

Mutum bakwai ne a ɗakin. Duk sun gani.

Fiye da shekara talatin ban ba kowa wannan labarin ba, har 'ya'yana. Yau na ga ya kamata ku ji, ku da muke zumunci a nan.

Kafin ranar na yi wata biyu ina tari da zazzaɓin yamma, ina cewa gajiyar jarrabawa ce. A asibiti aka ba ni 'yar kwalba in tofa kaki safiya uku a jere, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton a jikin taga, ya nuna min wani fari-fari a saman huhun dama. Ya ce tarin fuka ne, ana warkewa, amma sai na sha magani shekara cur ba fashi.

Na tambaye shi ko zan mutu. Ya ce, "In ka ji sauƙi ka daina magani, to."

Allura sittin aka yi min, ɗaya kowace safiya. Nauyina ya sauka daga kilo sittin da ɗaya zuwa arba'in da bakwai. Allurar ta bar min jiri da ƙugi a kunnen hagu. Jirin ya tafi, ƙugin yana nan.

Gidanmu na unguwar Nasarawa cike yake da ƙanne, don haka aka kai ni Argungu wajen gwaggona, aka ba ni ɗakin baya. Ta ɗiga jan fenti a gindin kwanona da moɗata don kada su haɗu da na gida. Takan ajiye tuwon shinkafa a bakin ƙofa, ta ja kujera can nesa, ta ba ni labarin albasar bana. Sau da yawa muryarta kaɗai nake ji a yini.

Daga kulob babu wanda ya zo. Ban ga laifinsu ba, amma duk motar da ta tsaya a layinmu sai na leƙa.

Bayan wata goma sha biyu kakina ya fito fes sau uku, likita ya sallame ni. Abin da nake so ɗaya ne: in koma teburin nan, wani ya yarda ya buga da ni. Sai dai na san duk sandar kulob da na taɓa, babu mai sake ɗaukarta. Dole in je da tawa.

A Argungu babu mai sayar da sandar sinuka. Na je bakin gulbi wajen Malam Gado, masassaƙin da ke yi wa masunta filafilin tuƙa kwalekwale, na zana masa tsawo da kauri a takarda. Na ce itacen kanya nake so, don da can sanda mai nauyi nake bugu da ita. Ya dubi damtsena ya ce, "Ɗana, wanga icce ya hi ƙarhinka yanzu."

Na nace, ya sassaƙa. Na gwada ta a kan tabarma da lemun tsami a madadin ƙwallo, bugu biyar hannuna ya gaji. Na mayar masa ina jin kunya. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya zaro busasshen maɗaci ya fiƙe min siririya. Na mirgina ta a kan siminti, ba ta yi tsalle ba, miƙaƙƙiya ce. Wani baduku ya manna mata 'yar fata a baki. Na sayi allina daban.

A kulob ɗin akwai allo a bango. Mai son wasa ya rubuta sunansa a layi, wanda ya ci shi ke ci gaba da riƙe tebur. Na yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa, na rubuta sunana. Mutum biyu da ke samana suka goge nasu, ɗaya ya ce yana da saƙo a kasuwa.

Mai riƙe da tebur Oga Bitrus ne, mutumin Filato, ma'aikacin da ya girme ni da kusan shekara goma. Da ba ma wata hira da shi. Na tsaya ina jiran ya jingine sandarsa shi ma.

Ya jera ƙwallaye, ya miƙo hannu ya ce, "Ƙanena, ara mini allinka." Ya goga a bakin sandarsa, ya mayar min a tafin hannu. Sannan ya karɓi sandata ya juya ta, ya ce wannan kam da ita za a iya tuƙa kwalekwale har Yawuri, ya ce in fara bugu.

Ya cinye ni sau uku a jere, bai raga min ko ƙwallo ɗaya ba. Na koma gida, na ci tuwo malmala biyu.

Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan gwaggona da Malam Gado, ya saka wa likitan nan da alheri.

Wanda tarinsa ya wuce sati biyu, ya je a gwada kakinsa, kada ya ce gajiya ce. In an fara magani a ƙarasa shi. Mai komawa wasa bayan jinya ya zaɓi sanda daidai da hannunsa na yau. In kuma abokinka ne kwance, ka tambayi likita yadda za ka gaishe shi lafiya, ka je, ko a bakin ƙofa ne.

Akwai abubuwan da har yau ban sani ba.

Ban san inda na kwashi cutar ba, ko wanda na shafa wa kafin a gano.

Ban san ko Oga Bitrus ya ji tsoro a ranar ba. Ban taɓa tambayarsa ba, don na ɗauka akwai lokaci.

An yi masa canjin wurin aiki kafin damina ta zagayo, ban karɓi adireshinsa ba. Ban san garin da ya koma ba, ban san ko yana raye ba.