Bawul Takwas na Baba

Ranar da Yaya ya kawo masu sayen tsohon ƙarfe ƙofar gidanmu a Ƙaura, ko gaishe su ban yi ba. Su biyu suna zagaya akori-kurar Baba, suna ƙwanƙwasa ta kamar masu zaɓen kankana. Motar da ta yi ta jigilar gero da awaki tsakanin Shinkafi da Zurmi tun ba a yaye ni ba, wai ita za a datsa a auna a sikeli. Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Yaya ya ce ya ba ni zuwa Alhamis, in ba ta tashi ba a yanka ta, kada in ƙara kawo masa maganar.

Ciwonta ba ɓoyayye ba ne. Bayan rasuwar Baba, direban da aka ba ta ya ɗura mata ruwan tafki a lagireto wajen Badarawa. Laka ta toshe, mota ta yi zafi, kan injin ya karkace. Bakaniken da aka kai wa ya kwance, ya watsa bawul takwas ɗin da ke buɗe wa iska hanya a kan injin cikin kwano ɗaya, ya ce ai babu kayanta a kasuwa. Aikin banza! Kowane bawul da mazauninsa, shekara da shekaru yana bugun wuri ɗaya har sun saba. Ka musanya su, iska ta tsere, mota ba za ta tashi ba.

Ni direba ne, ba bakanike ba, amma taurin kai na gada. Na shimfiɗa sanfefa a kan gilashi mai kauri, na yi ta goga kan injin kwana biyu har ya kwanta daidai. Bawul ɗin ne suka gagare ni. Duk yadda na jera su, in na zuba kananzir don gwaji sai ya zurare.

Ran Talata ina wanke su da fetur, farcena ya ji wani abu a fuskar ɗaya. Ɗigo uku, da ƙusa aka buga. Na duba wani, biyar. Baba ne. Bai yi boko ba, bai iya rubuta lamba ba, amma ya ƙirga su daga wajen fanka zuwa baya, ya yi wa kowanne shaida. Na zauna dirshan a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Na mayar da kowa gidansa. Na shafa man wasawa, na riƙa murza su tsakanin tafukana kamar mai burga miya, har hannu ya yi bororo. Na zuba kananzir, ya kwanta, ko ɗigo bai sauka ba.

Alhamis da hantsi sai ga Yaya cikin farar shadda, mutanensa na biye da tukunyar gas ta yankan ƙarfe. Na gama ɗauri, amma batir ya mutu, sai an tura. Maƙwabta duk sun tafi kasuwa, masu ƙarfe kuwa suka harɗe hannu.

Na ce, "Yaya, zo ka tura."

Ya ce, "Ni? Da wagga riga?"

"Kai ɗin. Motar ubanka ce kamar yadda take ta ubana. In ba ta tashi ba, da hannuna zan kunna musu wutar."

Ya naɗe hannun riga, ya dafa bayan motar ya fara turawa. Na sa giya ta biyu, na saki kuloci. Ta yi tari sau biyu, ta kama, da wannan muryar da muke ji tun daga kwanar layi mu san Baba ya dawo.

Na kai ƙarshen layi na juyo. Yaya na tsaye, tsatsa a hannu da gaban riga, bai kakkaɓe ba. Ya zo ƙofar gefe, wadda ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta sama, hannunsa bai manta ba. Ya zauna bai dube ni ba.

Ya ce, "Mu tai Zurmi."