Akuyar da Na Hura da Famfon Keke

Gidanmu gidan fawa ne, kuma a kwatar Batsari da hura dabba aka san ni. Idan an yanka akuya, sai a ɗan tsaga fatar ƙafar baya, a kafa baki a hura har dabbar ta kumbura. A nan fata take sakin nama, fiɗa ta zo da sauƙi. Wasu sai sun yi ta hutawa. Ni kuwa kafin ka ce kwabo na gama, na miƙe ina tsokanar masu haki.

Sai murar nan mai sarƙe numfashi ta kayar da ni. Aka kai ni asibiti Katsina, na kwanta da robar iska a hanci. Da za a sallame ni likita ya ce na warke, na kuma gode masa. Amma daga gida zuwa masallaci sai na tsaya na dafa katanga. Damina ta zo ta wuce, hakin yana nan.

Hakin bai ƙona mini rai kamar yadda mutane suka ƙona mini ba. Sannu, sannu, har sannun ta fara yi mini ɗaci. Ran da na koma kwata, ƙanena, wanda ni na koya masa riƙon wuƙa, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa.

"Yaya, zauna ka huta, mun ishe ka."

Wata mai abinci daga Safana, wadda ta daɗe tana sayen nama a hannuna, ta toshe hanci da gyale. Ta ce kada a ba ta wanda na hura, wai cutar tana maƙale a ƙirjina, za ta bi iska ta shiga naman. Kafin azahar magana ta kai kunnen sarkin fawa. Ya kira ni gefe, ya ce in bar wa ƙanena teburina, rabona zai riƙa iske ni har gida.

"Ranka ya daɗe, mi na yi? Mutuwa na yi ban sani ba?"

Na ce a ba ni akuya. Na durƙusa a gaban kowa, na kafa baki, na hura da iya ƙarfina. Tari ya turnuƙe ni, idona ya yi duhu, akuya ko gwiwa ba ta tashi ba. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi shirun nan ya fi zagi ciwo. Na ji kunya, na ji haushi, haushin ya fi yawa.

Da numfashina ya dawo na taka a hankali zuwa bakin tasha, na aro famfon keke wurin mai faci. Na cusa bakin robar a tsagar ƙafar, na ɗaure da igiya, ina dannawa ina hutawa. Akuya ta kumbura tim. Kwata ta kaure da dariya.

"Jama'a, mai faci ya shigo fawa!"

Dariyar nan ta fi mini sannu dubu daɗi, don ba a yi wa gawa tsiya. Na feɗe akuyata tsaf, ko ƙwarzane babu a fatar. Na dubi mai abinci.

"Hajiya, wannan iskar ba ta bi ta ƙirjin kowa ba. Sauran naman fa, kin san bakin wa ya hura shi?"

Ta sauke gyale, ta ce a auna mata cinya. Sarkin fawa bai ƙara tayar da zancen tebur ba.

Har yau sai na dafa katanga a hanyar masallaci, likita ma bai yi mini alkawarin zai daina ba. Amma na sayi famfona, kuma tebur nawa ne. Buhun da ƙanena ya shimfiɗa mini a inuwa yana nan, a kansa nake jibge fatu.