Kunun da Inna Take Zubarwa

A shekarar korona, cikin azumi, na yi wajen wata guda ni ne shara, ni ne daka, ni ne girki da wanki a gidanmu, kuma saura ƙiris mahaifiyata ta mutu da yunwa a hannuna alhali da gero a ɗaki. Wannan abu ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Ni mai fasa dutse ne a Birnin Kudu. Tun ina saurayi guduma nake riƙewa. Ban yi boko ba, kuma doguwar magana ba ta cikin abin da na iya. Mu uku ne a gidan: ni, matata, da Inna. Ɓarin jikin Inna na dama ya shanye shekara biyu kafin nan. Ba ta tashi sai an ɗaga ta. Bakinta dai lafiya lau, kunnenta kuwa ya fi na kowa.

Matata ce ke yi mata komai. Da cikin matata ya tsufa, kuma shi ne na fari bayan mun daɗe muna jira, iyayenta suka zo suka tafi da ita Sara, can ƙasar Gwaram, don ta haihu a gabansu ta yi wanka. Haka ake yi, ban hana ba. Matar maƙwabcina, wani tela, ta ce za ta riƙa shigowa safe da yamma ta yi wa Inna wanka, ta kai ta bayan gida, ta ɗora mana tukunya. Kuma ta yi. Allah ya saka mata.

Matata ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Kafin ranar suna aka rufe gari. Ba kasuwa, ba jam'i, ba motar Gwaram. Su ma can an rufe su. Sunan ma ta waya na faɗa.

Inna tana da tari tun ina ƙarami, irin na hayaƙin murhu. Duk unguwa an san shi. Amma da rediyo ya kama maganar tari safe da yamma, sai tarin Inna ya zama sabo a kunnen mutane. Wata safiya telan ya kira ni ta kan katanga. Ko zaure bai shigo ba.

"Malam, ka yi haƙuri. Na ce mata ta dakata da shigowa. Ka san muna da yara."

"Tarin nan ya girmi yaranka. Kai ma ya girme ka."

"Na sani. Amma zamanin ne ya zo da haka."

"To."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ba na roƙon mutum sau biyu. Na juya na dubi tsakar gida, na ce a raina, mutumin da ke fasa dutse tsintsiya ba za ta gagare shi ba.

Ashe ban san komai ba. Dutse in ka fasa shi ya fasu ke nan, gobe ba za ka tarar ya haɗe ba. Tsakar gida kuwa ka share da safe, kafin azahar kaji da iska sun mayar maka da aikinka. Ka wanke kwano, a ci, ka sake wankewa. Ka cika randa, ka waiwaya, ta yi rabi. Ga zafin bazara, ga azumi a baki. Na sha wuni a kan dutse ban ji bayana ba, amma kwana uku na sunkuyon shara da wanke-wanke sai da na riƙa miƙewa da dabara.

Garin da matar telan ta bari ya ƙare, mai injin niƙa kuma ya rufe. Inna ba ta iya cin komai sai kunu. Na jawo turmi, na zuba gero a bushe, na ɗaga taɓarya yadda nake ɗaga guduma, na sauke da dukan ƙarfina. Gero ya yi tsalle ya watse. Na ƙara.

Daga ɗaki Inna ta ce, "Wa ke fasa dutse a gidana?"

Na ci gaba. Ban kai bugu ashirin ba na ji ƙas. Turmin ya tsage daga baki har ciki.

Ta ji. Ta ce, "Da turmin nan aka kawo ni gidan ubanka."

Na samo waya da robar tayar keke na ɗaure shi tam. Ta ce in ɗauko ta in ajiye a bakin ƙofa. Na jingina ta da bango, ta zama malama, na zama ɗalibi.

"Yayyafa ruwa. Ba wanka na ce ka yi masa ba. Sassauta hannu, nauyin taɓaryar ya isa. Surfe lallashi ne. Riga kake cire wa geron, ba kashe shi za ka yi ba."

Da aka zo bakace na ɗauki faifai, rabin geron ya tafi ƙasa tare da dusa. Inna ta ce kaji sun yi sallah tun ba a ga wata ba. Ranar ce kaɗai na ji ta yi dariya a cikin kwanakin nan.

Ƙarar turmi ba ta ɓuya. Unguwa ta san babu mace mai lafiya a gidan, ta kuma san wa ke daka. An ce kowa ya zauna a gidansa, amma 'yan majalisar gindin dalbejiya ba su fasa zama ba, sai in sun hango motar jami'ai su watse. Ta gabansu nake wucewa zuwa famfo da jarkoki.

"Uwargida, yau me aka ɗora mana?"

"Tuwo. Turo taka ta koya."

"A'a, muna tsoron tari."

"To ku ci tsoro."

Ba su dame ni ba. Wanda ya taɓa kwana da yunwa zolaya ba ta hana shi barci.

Kwanaki suka tafi, hannuna ya faɗa. Na iya surfe, na iya wanke gero in shanya, in daka, in tankaɗe da rariya. Kunun tsamiyata ya daina gudaji. In na kai wa Inna sai ta ce in ajiye a gefen hagunta in fita, ba ta son a tsaya a kanta tana sha da hagu. In na dawo in tarar da kwano wayam. Har ina jin kaina.

Amma tana ta ramewa. Leɓɓanta suka tsattsage, idanunta suka faɗa, muryarta ta koma ƙasa-ƙasa. Na ce zafi ne.

Akwai abin da na gani ban gane ba. A kwanakin farko, duk sanda na ɗauke ta zuwa bayan gida, sai ta runtse ido, hawaye na bin kuncinta. Daga baya ta rage nema. Sau ɗaya a rana, sannan ta daina. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Na ce aiki ya ragu. Yau in na tuna wannan jin daɗin, kunya ce ke kama ni, ba dakan da na yi ba.

Matata ce ta gano, tana can Sara. Ta kira da hantsi, na ce mata komai lafiya, Inna tana shanye kununta tas.

Ta ce, "Sau nawa kake kai ta bayan gida?"

"Ba ta nema."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana biyu."

Ta ce, "Mutum ba ya shan kunu kwano uku a rana ya kwana biyu bai nema ba. Je ka duba bayan gadonta." Sai ta fashe da kuka, ta ce za ta goya jaririyar ta hau babur ta biyo hanyar daji.

Na ce, "Zauna. Jego kike. Uwata ce."

Na shiga ɗakin. A bayan gado akwai wani tsohon tulu da ba a amfani da shi. Kiyashi sun yi layi zuwa bakinsa. Na jawo shi. Kunu ne cike, ya yi tsami, har da ruwan shan da nake ajiye mata. Da hannun hagun nan nata take kai kwanon ta juye, ta mayar da shi wurinsa.

Na ɗaga tulun ta gani. Ba ta kawar da kai ba.

"Kunun ne ba daɗi?"

"Kunun ya yi. Ka iya yanzu."

"To mene ne?"

"Abin da ya shiga sai ya fita. Ba zan zauna ɗan da na haifa yana kwaɓe mini zani ba. Gara in tafi da mutuncina."

Ban iya irin maganar da ake lallashin mutum da ita ba. Abin da na iya shi ne aiki da hannu. Na fita na ɗauko kujerar katako mai majingini, na huda tsakiyarta da kurfi, na goge bakin ramin da dutse har ya yi santsi. Na ajiye ta a kusurwar ɗakinta, na sa fo a ƙasa. Na kewaye wurin da zana. Na ɗaura igiya daga azara ta sauko daidai hannunta na hagu, yadda za ta riƙe ta gyara zamanta. Na ajiye buta a inda hannun zai kai. Na ciro babban zanen gadonmu na rataye a kan zanar.

Tana kallona har na gama. La'asar ta wuce.

Na ce, "Zan ɗauke ki in zaunar. In lulluɓa miki wannan daga wuya har ƙasa. In fita in ba ki baya. Sauran ke da hannunki. In kin gama ki yi tari, ai kin iya."

"Fon fa? Wa zai zubar?"

"Ni."

"Ba zan sha ba."

"To."

Na dama sabon kunu. Na kawo shi da kofin ruwa biyu, na zauna a bakin ƙofarta. Ranar na yi sawu shida zuwa famfo cikin rana, harshena kamar itace. Aka kira magariba. Ban taɓa kofin ba.

"An kira salla. Sha ruwa."

"Ke fara."

"Ni ba azumi nake ba."

"Kin fi ni azumi. Naki ko buɗa-baki babu."

"Za ka ɓata ibadarka a banza."

"Sai mu raba zunubin."

"Taurin kan ubanka ne wannan."

"Ubana bai kama ƙafarki ba."

Muka zauna. Ina jin maƙwabta suna ta kwaramniyar kwanuka, yara suna rigimar ƙosai. Kaji suka shige akurki. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Na riga na yanke a raina, in za ta kai gobe, zan kai gobe, in tashi da wani azumin a kan wannan. Ta san ni. Ita ta haife ni.

Da duhu ya fara rufe tsakar gida ta ce, "Kawo."

Na miƙa. Ta sha ruwan a hankali har ya ƙare. Ta sha kunu ludayi biyar a gabana, da hagunta, ba ta ce in fita ba. Ta goge baki ta ce, "Tsamiyar ta yi yawa."

Sannan na sha nawa.

Washegari da safe ta nema. Na zaunar da ita, na lulluɓe ta, na fita na ba ta baya ina kallon katanga har na ji tari. Ba ta yi kuka ba. Na zubar, na wanke fon da toka, na wanke zannuwanta guda huɗu. Igiyar cikin gida ba ta ɗauke su ba, sai na ɗaura wata a ƙofar gida, a fili, na shanya biyu a can.

'Yan majalisa na zaune, telan yana cikinsu. Ɗaya ya ɗaga murya.

"Yau kuma har da zani? Saura ɗan kwali."

Na matse na ƙarshe, na shanya, na juyo.

"Zanin uwata ne. Wanda bai fito daga cikin zani ba ya yi dariya."

Ba wanda ya yi. Telan ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Daga ranar ba a sake ce mini uwargida ba, kuma da an sake ma, ba abin da zai canza.

Inna ta murmure a hankali. Da aka buɗe hanya matata ta dawo bayan arba'in, ta ɗora mata jikarta a cinya, Inna ta riƙe ta da hannu ɗaya ta daɗe tana kallo. Matar telan ta dawo shigowa, na gaishe ta da mutunci, don ba laifinta ba ne. Inna ta ƙara damina uku a duniya. Ta rasu a ɗakinta, a ƙoshe, da mutuncinta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Aikin gida ba shara da daka ba ne kawai. Mai yin sa yana lura da abin da ba a faɗa masa ba: wa ya ci, wa ya yi kamar ya ci, wa ya yi shiru fiye da jiya. Mata suna yin wannan kullum, ba wanda ke gani. Ni sai da na kusa rasa uwata na gani. Kuma kunyar da za ta kai mutum kabari, a nemo mata zana a kewaye ta, kada a bar ta ta ci rai.

Yanzu ina nan Birnin Kudu, a gidan nan dai, da matata da 'ya'ya biyu. Gashina ya fara fari, ƙarfina bai ƙare ba. In matata ta kwanta ciwo ni ke tashi in hura wuta, kuma ba na rufe ƙofa don kada a gani.