Amsar da Ban Ba Ki Ba, Ijeamaka

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da hantsi, ina tsakar gida ina sheƙar waken soya, maƙwabciyata Rosemary ta shigo ba sallama ta ce mini Ijeamaka ta rasu. Na tambaye ta wace Ijeamaka, alhali guda ɗaya na sani duk faɗin Kafanchan. Ijeamaka Okwudili, mai shekara ashirin da uku, ɗalibar ajin ƙarshe a fannin aikin gona a jami'a, ta cika a asibiti bayan jinyar kwana huɗu. An binne ta ranar Juma'a, 21 ga wata, a garin nan da aka haife ta.

Ni Joanna Kumai ce, tsohuwar malamar firamare. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli, ban taɓa zama na rubuta wa wanda ya mutu takarda ba. Amma akwai tambayar da kika yi mini sau biyu ban amsa ba, 'yata, kuma ba zan bar ta haka ba.

Kakanki aikin reluwe ne ya kawo shi daga Gabas. Mahaifinki a nan ya girma, mahaifiyarki Chinonye tana da shago a kasuwa. Gidanku ko fartanya babu. Shi ya sa na yi mamaki da kina aji huɗu a hannuna, kika shuka wake a gwangwanin madara kika ajiye a tagar aji, kullum da safe ki auna tsawonsa da tsinken tsintsiya. Tambayoyinki sun sha ɓata mini rai. Sau da yawa nakan ce ki zauna ki yi shiru, ki zauna ɗin, amma hannunki na sama. Da lokacin jami'a ya yi, mahaifinki ya so ki karanci haɗa magunguna. Kika nace sai aikin gona. Mutane suka yi ta dariya, wai me ya haɗa 'yar Ibo da noma. Ni ma na yi dariyar, gara in faɗa da bakina.

Duk wanda yake nan ya san abin da ya faru da daminar 2023. Ganyen citta ya yi rawaya cikin 'yan kwanaki, ka tona ƙasa ka tarar ta ruɓe tana wari. Gonata da na gada daga maigidana, wadda da ita na yi wa 'ya'yana huɗu karatu, ban cire ko kwando ɗaya ba. Na tara 'ya'yan nan na rantse a gabansu cewa ni da citta har abada. Ina da zuciya, kowa ya sani, kuma idan na faɗi magana ba na janyewa.

A cikin wannan hali kika zo gonata, kina hutun makaranta, da takalmin roba da ɗan littafi. Kika durƙusa kina tona ruɓaɓɓiyar citta da hannu, kina shinshinawa, kina rubutu. Na ce miki ki tashi ki bar mini gona, ba wurin kallo ba ne. Kika gaishe ni da ladabi, kika ce, "Mama Joanna, ba wadda ta mutu nake nema ba. Wadda ta ƙi mutuwa nake nema."

Daga baya na gane nufinki. Citta ba ta da ƙwayar da za a ajiye a kwalba shekara da shekaru. Cittar bara ita ce irin bana. Idan damina ɗaya ta wuce ba a mai da ita ƙasa ba, wannan iri ya tafi ke nan. Kin lura cewa nan da can akwai gonar da ta tsira alhali na kewaye da ita duk sun ruɓe. Kika ƙudura sai kin bi waɗannan gonaki ɗaya bayan ɗaya, ki karɓi ɗan iri daga kowace, ki shuka su gefe da gefe a fili ɗaya a ga wanda zai jure. Wannan ne aikin da za ki kammala digirinki da shi. Burinki kuma ya wuce digiri. Kin ce kina so ki buɗe gonar iri a Kafanchan, ta yadda manomi zai san asalin abin da yake sa wa ƙasa.

Hutun Kirsimetin da ya wuce a kan babur kika yi shi. Kauru, Gwantu, ƙauyukan da ni da aka haifa a ƙasar nan ban taɓa takawa ba. Manomi ba ya son ba baƙo irinsa, balle bayan annoba. A Nok akwai wani dattijo, Baba Zamani, wanda gonarsa ta tsira damina biyu a jere. Sau uku yana korar ki. Zuwa na huɗu ba ki roƙe shi komai ba, kika shiga cikin masu yi masa haƙa kika yi kwana biyu kina aiki har hannunki ya yi kanta. Da kansa ya cika miki ɗan buhu. Ya zo jana'izarki, ya ce mini da irin Hausarsa, "Yarinyan nan ya fi ƙarfina, Malama." Sai ya juya baya don kada in ga idonsa.

Ƙananan buhuna goma sha bakwai kika tara, kowane da takarda ɗaure a bakinsa, da sunan mai gona da ƙauyensa. Kika jera su a inuwa bayan ɗakin girkin gidanku, kika rufe da ciyawa. Abin da ya rage miki fili ne. A watan Janairu kika zo kika roƙe ni gefen gonata na wajen rafi. Na ce na yi rantsuwa. Kika dawo a Fabrairu da lemo a leda. Na ce sai na yi tunani. Kika yi murmushi kika ce za ki dawo da Ista ki ji. Gaskiyar magana, tun ranar na san zan ba ki. Girman kai ne kawai ya sa nake so ki sake roƙo sau ɗaya. Wannan abu yana ci mini rai, kuma na roƙi Ubangiji gafara a kansa.

Ranar Alhamis, jajibirin jana'izarki, matan zumunta na ikilisiyarmu suka taru a gidanku don girkin baƙi. Za a dama kunu, a dafa zoɓo, a yi farfesu. Citta ta yi tsada, ga ta kuma jibge a bayan ɗakin girki. Wace mace ce a ƙasar nan za ta ga citta a gidan makoki ta aika kasuwa? Na iso da rana tsaka, na tarar da Rosemary da mata uku sun zazzage buhuna a babbar roba ɗaya, sun wanke, suna kankarewa. Takardunki na yashe a ƙasa cikin ruwa.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. A gidan makoki, ni da nake tsawata wa wasu. Na ƙwace wuƙar daga hannun Rosemary, na zauna a kan sauran buhunan kamar kaza a kan ƙwai, na ce duk mai son citta sai ta ɗaga ni. Da na yi musu bayani, Rosemary ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Ba laifinta ba ne, kuma ina so kowa ya ji wannan. Hidima suka zo yi miki. Mahaifiyarki da ta san zancen buhunan tana ɗaki ba ta san inda kanta yake ba. Da na ba ki fili tun Janairu, da buhunan nan suna gidana.

Shida sun tafi. Washegari jama'ar da suka zo binne ki suka sha kunun, ba su san wahalarki suke sha ba. Ni ban iya kai shi baki ba. Goma sun tsira ba a taɓa su ba. Na goma sha bakwai shi ne na Baba Zamani, wanda kika fi sa wa rai. An riga an zazzage shi, amma da na sa hannu na tarar da guda tara sun maƙale a gindin buhun. Na ƙirga su sau uku. Tara ne, kuma kowace da idonta na tsiro.

Yanzu suna gidana, a inuwar mangwaro, ƙarƙashin ciyawa. Ƙawarki ta jami'a, Aisha Humaira, wadda kuka yi shekara uku a ɗaki ɗaya, ta karɓi littafinki daga hannun mahaifinki. Ta ce rubutunki a fili yake, har tazarar da za a bari tsakanin layi da layi kin rubuta. Ta yi alkawarin zuwa duk ƙarshen wata ta auna ta rubuta, ta kai wa malaminku. Ni ban san kimiyya ba, amma na san shuka da ciyawa da tsaron gona daga awaki. Na sake tara 'ya'yana na gaya musu na karya rantsuwata. Babban ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya rufe.

Ba na yi wa kowa alkawarin cewa irin nan zai jure. Ke ma ba ki yi ba, kin ce a gwada ne a gani. Abin da na ɗauka a kaina shi ne ba zai bushe a buhu ba. Asabar ta farko bayan Ista, in Ubangiji ya kai mu ya kuma ba da ruwa, za mu shiga gona. Matan zumunta sun ce za su zo, Rosemary ce ta fara rubuta sunanta. Duk wanda ya sha kunun nan, ina gayyatarsa ya zo da fartanyarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinki Okwudili da mahaifiyarki Chinonye, da 'yan'uwanki na nan da na Gabas, da ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiya da za ta daɗe tana neman muryarki, da abokan karatunki. Ubangiji ya ƙarfafa ku, ya share muku hawaye. Ke kuma 'yata, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, Yesu Almasihu ya karɓe ki cikin hutunsa. Amin.

Kin ce za ki dawo da Ista ki ji amsa. Ga ta, Ijeamaka: e, na ba ki filin. Gefen rafin duka naki ne. Taran nan na Baba Zamani ni zan sa su a ƙasa da hannuna.