Tukunyar Ɗaɗɗoyar da Ban Je Na Ɗauka Ba

Mama Hannatu ta rasu.

Da safen nan ina haɗa kayan karin kumallo 'yarta Rahila ta kira ni. Har yanzu butar shayin tana kan risho, ban iya komawa kanta ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyata ce lokacin da muke haya a Kakuri, ƙofa da ƙofa. Tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa ce. Da aka rufe masaƙar sai ta koma ga shuke-shukenta. Duk bokitin fenti ko robar da ta fashe a gidan, kada ma ka yi tunanin jefarwa, Mama ta riga ta yi mata miji.

'Yata Fa'iza tana da asma tun tana ƙarama. Ga sauron unguwarmu kuma, ƙattai, kamar ana ba su abinci a kwata. In na kunna maganin sauro yarinya ta kama tari har ƙirjinta na kuka. In ban kunna ba, maleriya. Na rasa wanne zan zaɓa mata.

Wata rana da yamma Mama ta leƙo, ta shaƙi hayaƙin, ta dube ni.

"Maman Fa'iza, sauro kike kora ko yarinya? Kashe abin nan."

Ta jawo bokiti uku na ɗaɗɗoya ta jera min a ƙarƙashin taga. Ni a lokacin a miya kawai na san ganyen.

Ta ce ajiyewa kawai ba ta isa ba. Kullum kafin magariba sai an bi ganyen da tafin hannu an shafa, a ɗan murza, ƙamshin ya tashi. "Shi ma yana son a gaishe shi," in ji ta. Ɓawon lemo da ganyen darbejiya kuma a shanya, a turara a tsakar gida, nesa da ɗakin yarinya.

Ba ta taɓa cewa ganye ya isa ba. "Ganye na rage su ne kawai. In na ga yarinyar nan ba gidan sauro, ni da ke ne."

Tarin Fa'iza ya lafa. Yau tana ajin ƙarshe a sakandare.

Na sha tsinke ganyen ɗaɗɗoyar in zuba a farfesu. Mama ta kama ni sau biyu. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ke cinye maigadinsa ba sai ni.

Da muka tashi muka koma Unguwar Sanusi, ɗaɗɗoyar ba ta yi wata biyu ba ta bushe. Laifina ne, ban ba ta ruwa ba. Kunya ta hana ni faɗa mata.

Haɗuwarmu ta ƙarshe farkon damina ne. Na je Kakuri gaisuwar haihuwa, na biya ta gidanta a tsaitsaye. Ta rame, tana dafa bango. Tana ganina ta ce, "Ɗaɗɗoyar ta mutu ko?"

Na sunkuyar da kai.

Ta yi dariya ta nuna min wata tukunyar ƙasa a gefen ƙofa. Ashe tun da ta ga na daina ba ta labarin shukar a waya ta gane, ta dasa min sabuwa.

Na ce mai keke na jira, kuma na sa kayan fita, ƙasa za ta ɓata min leshi. Zan dawo ranar Asabar.

Leshi fa. Wallahi tun safe kalmar nan ke cina.

Ta ce, "Ba komai, 'yata. Zan riƙa ba ta ruwa har ki zo."

Asabar nawa ta wuce tun ranar, ban je ba. Gada ɗaya ce kawai ta raba mu, keke ɗaya ne. Ban da wani uzuri.

Da Rahila ta gama faɗa min yadda abin ya faru, sai ta ce, "Anti, tukunyarki na nan. Ko da aka kwantar da ita a asibiti kullum sai ta tambaya ko mun ba ta ruwa. Ta ce kada ki zo ki tarar ta bushe, ki ji kunya."

A nan na zauna a ƙasan kicin na yi kuka.

Mama, kin ceci numfashin 'yata ba ki karɓi komai ba, ni kuma minti goma na kasa ba ki. Ki yafe min.

Ya Allah ka saka mata da alherin da ta yi mana, ka dubi Rahila da ƙannenta ka ba su haƙuri da dangana.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su a addu'a, kowa yadda ya saba yin tasa. Ni ma ku sa ni. Yanzu zan tafi Kakuri, ban san da wane ido zan shiga gidan ba.